Gilashin manne a ido mai tauri: yadda na same shi a Sakkwato

Duk mai larurar keratokonas, wadda tantanin da ke rufe baƙin ido ke sirancewa ya yi tsini, ya san yadda tabarau ke gaza mana. Ko an canja lamba, fitilar mota da dare sai ta rabu gida-gida. Likitan ido ne ya ba ni shawarar gilashin manne mai tauri, wanda ake kira RGP, kuma gaskiya na gode Allah. Taurin nasa ne amfaninsa: hawaye na cike tsakaninsa da tantanin, gani ya daidaita. Yanzu daga nesa nake karanta lambar mota.

Abin da ya fi damuna tun farko shi ne lafiyar idon kansa. Tantanin nan ba shi da jijiyar jini, daga iska yake samun oksijin ta cikin hawaye. Masu tauri na da, na robar PMMA, ba sa barin iskar ta ratsa, shi ya sa tantanin kan kumbura. A ƙarshen shekarun 1970 aka fara haɗa robar da silikon, daga baya aka ƙara fulorin, iska ta samu hanya. Ana auna wannan da lambar Dk. Ku tambayi likita lambar Dk ta gilashin kafin ku biya. Ga shi ƙarami, faɗinsa wajen milimita 9, yana motsi da kowace ƙiftawa, sabon hawaye ya shiga ƙarƙashinsa. Da aka duba ni bayan watanni, babu kumburi.

Makonnin farko akwai wuya, fatar ido na jin bakinsa, hawaye na zuba. Wannan ya wuce. Ƙurar hunturu ce ba ta wucewa. Kana kan kabu-kabu daga Mabera, ƙwayar rairayi ɗaya ta shige ƙarƙashinsa, dole ka sauka ka nemi wurin wanke hannu ka cire. Ba na fita yanzu sai da baƙin tabarau mai rufe gefe.

Wajen alwala ina runtse ido sosai. Ruwan famfo ko na rijiya ba ya taɓa gilashin, domin akwai ƙwayar cuta a ruwa da ke cin tantanin har ta kai ga makanta. Ko barcin rana zan yi, sai na cire. Ruwan wankinsa ba ko'ina ake samu a garin nan ba, don haka a sayi biyu a ajiye.