Kayan gwada ruwan teku: wanne ke ƙirga ƙazanta, wanne ke cin kuɗinka a banza

Ni ɗan tudu ne, ban taɓa ganin teku da idona ba sai da neman abinci ya kawo ni Legas. Yau shekara huɗu ke nan, kusan kowace Asabar sai na hau jirgin ruwa daga tashar CMS zuwa bakin tekun Tarkwa Bay, inda yaran wurin suka koya mini tsayuwa a kan allo igiyar ruwa tana tafe da ni. Wata Asabar cikin watan Yuni an kwana ana tafka ruwan sama, amma zumuɗi ya hana ni haƙura, na shiga. Kafin Talata kunnena na dama ya fara ruwa, ga gudawa ba ƙaƙƙautawa. Sai da na yi mako uku ana yi mini magana ina cewa "na'am?" Tun daga nan na shiga neman abin da zai gaya mini halin ruwan kafin in jefa jikina ciki, kuma na yi asarar kuɗi a hanya.

Tarkwa tana bakin mashigar tashar jiragen ruwa ne, ta nan ruwan lagun yake fita teku da duk abin da kwatocin birnin suka zuba masa. Abin da ke sa mutum ciwo shi ne bahayar mutane da ta dabbobi, ita kuwa ido ba ya ganinta. Ruwa yana iya yin garau alhali cike yake da ita. Shi ya sa masana suke ƙirga wasu ƙwayoyin hanji da ake kira enterokokai, waɗanda suka fi E. coli, wata ƙwayar hanjin, jure gishiri, su zama shaidar cewa bahaya ta shiga ruwan. Hukumar kare muhalli ta Amurka a ƙa'idarta ta 2012 ta sa iyaka a matsakaicin ƙwaya 35 a cikin mililita 100 na ruwa, kuma a Kalifoniya in gwaji ɗaya ya haura 104 sai a kafa allon gargaɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana sa bakin tekun da bai wuce 40 ba a aji na farko, wanda ya haura 500 a na ƙarshe, amma bisa gwaje-gwaje masu yawa take yanke wannan hukunci. To duk abin da za ka saya, ka yi masa tambaya ɗaya: zai ba ni adadin enterokokai a mililita 100?

Biron nan na TDS da masu fiya wata suke tsomawa a kofi, shi na fara saya, domin wani mai talla a intanet ya rantse mini yana gano ƙwayoyin cuta. Gishiri da ma'adanai kawai yake aunawa. Ruwan teku yana da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, ya fi ƙarfin lissafin ƙaramin biron, sai ya yi ta ƙifta lambobi kamar agogon da batirinsa ya mutu. Takardun tsomawa masu canza launi na wurin ninƙayar otal ne, kulorin suke dubawa, ka bar su a kanti. Kwalbar H2S, wadda ke komawa baƙa in akwai alamar bahaya a ruwa, don rijiya aka yi ta, kuma a ruwan teku akwai ƙwayoyin da za su baƙanta ta ko babu bahaya. Petrifilm, ɗan katin da ƙwayoyi ke tsirowa a kansa ɗigo-ɗigo, mililita ɗaya yake ɗauka, ɗigo guda a kansa yana nufin 100 a mililita 100 ke nan, yaya za ka bambance 35 da 90? Jakar Aquagenx mai aljihu biyar ita kam na ɗan girmama ta, ba ta son wutar lantarki, zafin ɗaki ya ishe ta, sai dai E. coli take ƙirgawa kuma ma'auninta na ruwan sha ne.

Wanda na tsaya a kai shi ne Enterolert na kamfanin IDEXX, tare da farantinsa Quanti-Tray/2000. Da shi 'yan sa-kai na ƙungiyar Surfrider ta Amurka suke gwada bakin tekunsu, mutanen da ba likitoci ba, masu hawan igiya irinmu. Ga yadda aikin yake. Ka shiga ruwa ya kai maka gwiwa, ka nutsa kwalbar da aka kashe ƙwayoyin cikinta ƙasa da saman ruwan kaɗan, ka rufe, ka sa a kula da ƙanƙara, ka tabbata ka fara aikin kafin awa 6. Ruwan teku dole a sirka shi: mililita 10 nasa, 90 na tsabtataccen ruwan da ba ƙwaya ko ɗaya a ciki, don wasu ƙwayoyin teku suna iya ruɗa gwajin in ba a sirka ba. Ka zuba garin Enterolert ƙunshi ɗaya, ka girgiza ya narke, ka juye a farantin. Farantin yana da gurbi 97, manya 49 ƙanana 48. Inji ya liƙe shi, ya kwana a akwatin ɗumi mai zafin digiri 41 na awa 24. Washegari ka kashe fitilar ɗaki, ka haska shi da fitilar UV, irin ta duba jabun kuɗi, duk gurbin da ya yi shuɗin haske akwai enterokokai a ciki. Ka ƙirga, ka duba jadawalin kamfanin, ka ninka sau 10.

Ranar da na fara ganin faranti yana haske a duhu sai da na kira maiɗakina ta zo ta gani. Na ranar rani gurbi biyu ne kacal suka kama. Na bayan ruwan sama kuwa kamar an kunna fitilun gidan biki. Ta dube ni ta ce, "Malam, a cikin wannan kake wanka?" Ban iya ba ta amsa ba.

Abin da ya sa nake son sa shi ne adadi yake ba ka, daga 10 har sama da 24,000, ba "akwai" ko "babu" kawai ba. Aibinsa biyu ne, kuma ba zan ɓoye su ba. Injin liƙewar kuɗinsa daloli dubbai ne, ba abin mutum ɗaya ba ne, sai a yi karo-karo, ko a roƙi wani sashen jami'a da ke da shi. Na biyu, sakamakon na jiya ne kullum. Amfaninsa sai an jera makonni ana yi, har ka gane cewa bayan ruwan sama da lokacin da teku ke janyewa adadin yake tashi. A kudancin Kalifoniya shawarar da ake bayarwa ita ce a jira awa 72 bayan ruwan sama, ni ma ita na riƙe. Batun wuta kuma, in aka ɗauke ta tsakar dare akwatin ya huce, gwajin ya tashi a banza, don haka sai da inbata. Wani abokina ya ce mu yi amfani da injin ƙyanƙyasar ƙwai. Nasa a digiri 37 da rabi yake tsayawa, in ba ya ɗaguwa zuwa 41 ya zauna daram, kada ka fara.

In karo-karon bai yiwu ba, kai ruwan zuwa lab, wato ɗakin gwaji, shi ne na biyu a wurina. A nan ne fa ake yanka mutane.

Na taɓa kai ruwa wani wuri, ba su tambaye ni ƙarfe nawa na ɗebo ba, ba su duba ko da ƙanƙara na zo ba, kafin la'asar sun turo mini takarda mai hatimi cewa ruwa lafiya lau. Ƙwaya sai ta kwana take girma. Duk wanda ya ba ka sakamakon irin wannan gwaji a awa uku, a kan tebur ya ƙirƙiro shi. Akwai gwajin gaggawa na gaske da ke duba ƙwayar halitta, amma injinsa ba a shagon bakin titi yake ba. Wasu kuma gwajin ruwan burtsatse za su yi maka, su rubuta kolifom, ƙwayoyin da ake dubawa a ruwan sha, su karɓi kuɗi. Ka ce musu enterokokai kake so, a mililita 100, su rubuta hanyar da suka bi. In suka fara kame-kame, ɗauki kularka ka fita.

Garin Enterolert ɗin ma ana algus da shi. Na taɓa sayen kwali a hannun wani dillali da araha, na kankare takardar da aka manna sai ga tsohuwar ranar ƙarewar wa'adi a ƙasa. Ana so a ajiye shi tsakanin digiri 2 zuwa 30, nesa da haske, kai kuwa ka san zafin kwantena a tashar jiragen ruwa ta Apapa. Ka girgiza ƙunshin kusa da kunne, in garin ya dunƙule ya daina motsi, danshi ya shige shi. Ka duba lambar da ke jikin kwali ta yi daidai da ta jikin ƙunshi. Mugun abin shi ne mataccen gari ba ya haske, sai ka ɗauka ruwan ne mai tsabta ka kwashi yara ka kai su. Fitila ma haka: mai lamba 365 ake so (lambar da ke nuna irin hasken da take fitarwa), ƙananan tocilan duba jabun kuɗi da yawa 395 ne, suna rina komai ya yi shuɗi-shuɗi har ka ƙirga gurbin da bai kama ba. Kwalba kuma kada ka yarda da wankakkiyar robar lemo, komai kyan wankin.

Duk sabon kwalin da muka buɗe, faranti biyu na farko na gwajin garin ne: ɗaya da tsabtataccen ruwa, wanda bai kamata ya yi haske ko a gurbi ɗaya ba, ɗaya da ruwan da na ɗebo daga kwatar bayan gidanmu, wanda ya kamata ya kama gaba ɗaya. In na kwatar bai haska ba, ranar nan kwalin yake komawa wurin mai shi.