A Landan kallo kyauta ne, ciki ke cin kuɗi

Yaya, bayan gaisuwa, ina fata Inna da yara suna lafiya. Ka ce in gaya maka abin da ke da araha a nan Landan. Abinci dai babu shi a lissafi. Kallo ne kyauta.

Akwai gidan adana tarihin halittu a unguwar South Kensington, ba a biyan ko sisi a ƙofa, domin tun 2001 manyan gidajen tarihi na gwamnati suka daina karɓar kuɗin shiga. Kana sa ƙafa za ka ga ƙasusuwan dabbar tekun nan, bulu-wel, rataye a sama, baki buɗe, tsawonta ya ɗan haura mita 25. Mace ce, wai ba ta ma gama girma ba. A 1891 ta maƙale a gaɓar Wexford ta ƙasar Ayalan, gidan ya sayi ƙasusuwan a kan fam 250, sai a 2017 aka rataye su a babban zauren. Ƙashi 221 ne, nauyinsu tan 4.5. Ka gaya wa masuntan gida ba kifi ba ce: iska take shaƙa, kuma nono take ba ɗanta. Duk girman nan, ƙananan jatan lande take ci. Saura kaɗan mafarauta su ƙarar da irinta kafin a hana kamunta a 1966.

Abin da ya fi burge ni shi ne adanawar. Komai da bayaninsa a rubuce, ga hanyar masu keken guragu, ga 'yan makaranta ana zagayawa da su. Mu tun 1934 muke bikin kamun kifi a Argungu. A fito da giwan ruwa daga Matan Fada, a auna, a ba da kyauta, shi ke nan sai labari. Da ana wanke ƙashin kifin da ya yi na ɗaya, a rubuta nauyinsa da shekararsa, ai wurin ajiya ba zai gagara ba, ga gidan tarihi na Kanta nan.

Amma fa kada yunwa ta kama ka a ciki. Kuɗin kofin shayi ɗaya, in ka juya shi naira, ya ishi gidanmu karin kumallo. Kifin kanti kuwa sanyin ƙanƙara ya kashe masa ɗanɗano, ko kusa bai kamo tarwaɗarmu ba. Idan an samu mai zuwa, a aiko mini da kuka da yaji.