Kamfanin da ya fito mana da kaya daga Legas zuwa Samaru: abin da na gani

Shekara huɗu muka yi a Malesiya, ni da uwargida da yara biyu, ina karatun digiri na uku. Da lokacin dawowa Zariya ya gabato sai muka tsaya muna duban kayan gida: littattafaina katan goma sha ɗaya, keken ɗinkin uwargida, injin wanki, tukwane, kekunan yara. Sayarwa asara ce, don abin da za a ba ka a can ba zai sayi rabinsu a Sabon Gari ba. Ga shi soket ɗinsu mai baki uku ne irin namu, kayan wuta za su yi aiki a nan ba tare da wani sauyi ba. Mota kam tun farko na cire rai da ita. Sitiyarinta a dama yake, mu kuwa tun 1972 muka koma bin hannun dama a titi, irinta ba ta da hurumi a ƙasar nan.

Wani abokin aiki ne ya haɗa ni da kamfanin. Ofishinsu na Legas, suna da wakili a Kaduna. Kayanmu ba su kai cika kwantena ba, sai muka sayi gurbi a kwantenar haɗaka, aka loda a tashar jiragen ruwa ta Kilang, can Malesiya.

Bari in fara ba su haƙƙinsu. Su suka fayyace min cewa ɗan Najeriya da ya zauna a waje aƙalla wata 9 ba ya biyan kuɗin fito kan kayan gidansa da ya riga ya yi amfani da su, muddin ba na sayarwa ba ne. Suka ce in adana fasfona mai hatimin shiga da fita, da takardar lodi ta kamfanin jirgin ruwa, da jerin abin da ke cikin kowane katan. Akwai kuma fom ɗin kwastan na kayan da ba su biyo mai su ba, wanda suke kira PUBD. Sun ja kunnena cewa ana son kayan su sauka cikin wata 2 da isowata, don haka muka tura su tun kafin mu taso. Duk wannan na same shi yadda suka faɗa.

Amma akwai abu biyu da ba su faɗa ba, kuma wannan ya ɓata min rai, don aikinsu ke nan. Na farko firji. Na sa shi cikin jerin da na tura musu, babu wanda ya ce uffan. Wani ɗalibi ɗan Katsina ne ya gan shi a bakin ƙofa ya ce, "Malam, ai tsohon firji da tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki suna cikin kayan da aka hana shigowa da su." Shi na bar wa. Da ban da shi, Allah kaɗai ya san tsawon zaman da kayanmu za su yi a tasha.

Na biyu talabijin. Saura mako guda mu taso na sayi sabuwa, ko ledarta ban cire ba.

Ranar binciken kaya ni da kaina na je Legas, kuma ban yi nadamar kuɗin motar ba. Jami'in kwastan ya sa aka yanke salatif ɗin katan-katan ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗaga wata tukunya ya kife ta, ya ga gindinta ya yi baƙi, ya mayar. Ya duba keken ɗinki, har da guntun jan zare a jikin allura, ya wuce. Littattafai ya buɗe biyu, ya ga rubutuna a gefen shafi. Da aka zo kan talabijin, ga kwalinta fes, ga rasit manne a jiki, sai ya ce wannan sabuwa ce, za a yi mata ƙima a biya kuɗin fito, a ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari. Ban yi musu ba, doka ce, kuma mutumin bai ci min fuska ba. Da kamfanin ya gaya min tun farko, da a shagunan PZ na nan Zariya zan sayi talabijin in huta.

Inda muka yi sa-in-sa da su shi ne lissafi. Wakilin nasu ya turo min jimla ɗaya ta WhatsApp, ya rubuta "kuɗin kwastan" a kai. Na kira shi na ce, "Alhaji, kayan da kuka ce min babu fito a kansu, wannan kuɗin na mene ne?" Ya ce, "Dakta, haka ake yi, ka turo kawai." Na ce ba zan tura ko sisi ba sai na ga kowane rasit daban. Da takardun suka zo, abin da ya shiga asusun kwastan ta banki na talabijin ne kaɗai, kuma shi ne mafi ƙanƙanta a ciki. Sauran na sauke kaya ne, da na kamfanin jirgi, da ladan aikinsu, sai kuɗin ajiya da ake ƙirgawa kullum. Kwana 9 daga cikin kwanakin ajiyar nan sakacinsu ne, takarduna na hannunsu ba su gabatar ba. Na nuna musu ranar da na miƙa, bayan doguwar magana suka yarda suka ɗauki rabi. Har yanzu ina ganin duka ya kamata su ɗauka, kuma laƙaba wa kwastan kuɗin da ba nasu ba rashin gaskiya ne.

Na tambaye su ko za a iya wucewa da kayan zuwa tashar tsandauri ta Kaduna da aka buɗe a Kakuri a 2018, tunda ita ce kusa da mu. Suka ce kwantenar haɗaka a Legas ake buɗe ta, masu kayan ba gari ɗaya za su ba.

Jigilar hanya kuwa ba ni da ƙorafi. Direban kullum sai ya kira, daga Mokwa, daga Kaduna, har ya ce ga shi a Kwangila. Ana yayyafi ya iso Samaru bayan la'asar. Katan ɗaya ya sha ruwa ta ƙasa, littattafai uku suka kumbura, sauran lafiya lau, ko kofi bai fashe ba. Kafin magariba yara sun fita da kekunansu, uwargida kuma ta zauna tana zuba wa kekenta mai.

Wani ƙanena da ke shirin dawowa daga Jidda ya tambaye ni lambarsu. Na ba shi, amma na ce kafin ya biya komai su rubuta masa kowane kuɗi da sunansa, su kuma duba jerin kayansa su sa hannu.