pidstat a kan ƙaramin bod: ya kama ɓarawon, amma lissafin RAM ɗinsa sai a hankali

pidstat manhaja ce ta Linux da ke nuna yawan furosesa da RAM da kowace manhaja ke ci. Inda na gwada shi, bod ne (ƙaramar kwamfuta a allo guda) mai Linux, furosesa mai ƙwaƙwalwa 4, yana karanta bayanan inbata ta RS485 a wata rijiyar burtsatse mai sola a Arkilla, Sakkwato. Zafi yake yi ba ƙaƙƙautawa, kuma tunda Afrilu ne, Sakkwato ta haura digiri 40, kowa ya ɗora wa rana laifi. Shi top (manhajar duba aikin furosesa) ɗin da mai sayarwa ya bari a ciki na BusyBox ne, wato tarin ƙananan umarni na ƙananan na'urori, ba a haɗa shi da nuna zare (thread, reshen aiki a cikin manhaja) ɗaya-ɗaya ba. 25% kawai yake nunawa, sai ka ce lafiya lau.

Da na sa sysstat, kunshin da pidstat ke ciki, na buga pidstat -t -p da lambar manhajar da ke karanta inbata da 1 (-t don nuna zare, 1 don rahoto duk daƙiƙa), cikin daƙiƙa biyu asiri ya tonu. Zare ɗaya cikin bakwai na zaune a kusan 100%, wato ya cinye ƙwaƙwalwa guda shi kaɗai, shi ne 25% ɗin nan da ake rainawa. Na ƙara -w, na ga cswch/s ɗinsa, wato sau nawa yake sakin furosesa da kansa a daƙiƙa, kusan sifili: ba ya barci ko kaɗan. An buɗe tashar RS485 da O_NONBLOCK (kada a jira bayani), don haka umarnin read yana dawowa hannu wofi, madauki na sake kiransa. Aka sa umarnin poll mai jiran bayani har milisakan 200, ya sauko ƙasa da 1%, bod ya huce. Wallahi a nan kaɗai pidstat ya biya kansa.

Sai dai kada ku yarda da -r (lissafin RAM) idan kun haɗa da -t. RSS (yawan RAM da manhaja ke riƙe) iri ɗaya yake maimaitawa a kowane zare, domin duk ma'adana guda suke rabawa. Wanda ya tara su zai ɗauka RAM ta ƙare. Ba laifin pidstat ba ne kacokan, haka /proc (inda Linux ke ajiye waɗannan alƙaluma) ke ba shi, amma ai ya kamata ya ja kunnen mutum. Kuma in ba a raɗa wa zare suna da pthread_setname_np ba, duk sunan uwar manhajar suke ɗauka, sai ka koma bin lambobi. Sunan ma harafi 15 ne iyakarsa.

A bod mai ƙarancin wuri da ba zai ɗauki sysstat ba, ku karanta gurbi na 14 da na 15 (lokacin furosesa da zaren ya ci) a /proc/PID/task/TID/stat (PID lambar manhaja, TID ta zare) sau biyu, ku debe, ku raba da abin da getconf CLK_TCK ya bayar, galibi 100. Ku fara ƙirga gurbin daga bayan bakan ƙarshe ")", ku ɗauki gurbin da ke biye da shi a matsayin na 3, don suna mai tazara yana rikita awk, manhajar da ke raba layi gurbi-gurbi.