Atamfar China da muka yi anko da ita, wata huɗu bayan biki

'Yan uwa mata masu ta tambayata atamfar ankon bikin ƙanwata, ku yi haƙuri da jinkirin, da gangan na bari sai da ta sha wanki tukuna don ba a ranar biki ake gane halin atamfa ba.

Turmi 34 muka ɗauko a wani shago cikin Kantin Kwari. Mai shagon ya sauko mana da kashi biyu, zane iri ɗaya sak, kore da ruwan goro, duka 'yan China, amma kuɗin ɗaya ya kusa ninka na ɗayar. Da na tambaye shi dalili sai ya zare zare ɗaya daga bakin kowacce ya kunna ashana, na mai tsadar ya ci wuta ya zama toka kamar takarda, na mai arahar ya narke ya dunƙule baƙi ƙirin yana warin leda. Ya ce Hajiya wannan roba ce, waccan auduga, zaɓi ya rage naku. Wallahi tun daga nan na yarda da mutumin, don da ya yi shiru ba za mu taɓa ganewa ba, sitati ya rufe komai. Muka ɗauki 24 mai auduga, 10 ta roba saboda akwai dangin da ba su da hali kuma ba ma so a ce an ware su.

Mai audugar kam ba ni da ƙorafi sosai. Wankin farko ta ɗan zuba, ruwan bahon ya yi kore-kore, daga nan ta tsaya, yanzu tawa ta sha wanki ya kai takwas kalarta na nan sai dai ta ɗan saki jiki, kuma tela ya ce ba ta ba shi wahala a keke ba. Aibinta ɗaya zanen bai ratsa baya da kyau ba, in kika juya ɗankwali za ki ga bayan ya yi fari-fari, ba kamar Holland da gaba da baya sai kin lura ba. Ta robar kuwa gaskiya ban ba kowa shawara ba. Ba ta zuba ko kaɗan amma ba ta shan gumi, a zafin Kano na watan huɗu kamar kin shiga buhu, 'yar yayata ta ɗora mata dutsen guga da ɗan zafi nan take wajen ya yi ƙyalli ya tattare, shikenan siket ya tashi aiki. Kuma ƙyallayen da ke zuba a shagon tela ba sa ruɓewa, kwata suke tafiya su haɗu da ledoji su toshe ta.

Abin da ya fi tsaya min a rai ba wankin ba ne. Ranar da muka shigo da kayan gida Baba na zaune a tabarma, ya ce a miƙo masa ɗaya, ya juya ta ya duba bakinta ya murza da yatsa biyu ya daɗe bai ce komai ba, can sai ya ce aikin ya yi kyau. Baba ya yi shekara ashirin da wani abu a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri a Kaduna, a can aka haife mu, ina tuna jiniyar canjin aiki da yadda titi ke cika da kekuna da masu abinci da masu shayi, kowa na ci daga jikin masaƙa. Da aka rufe tasu ya yi shekaru yana zarya kan haƙƙinsa har ya gaji muka tattaro muka dawo Kano.

Shi ne ya zauna yana ba yara labari, masaƙar KTL, wato Kaduna Textiles, tun 1957 aka buɗe ta zamanin Sardauna, sai Arewa Textiles, sai UNTL, wato United Nigerian Textiles, wadda ta fi su girma ta tsaya a 2007. Audugar daga Funtua da Gusau da Malumfashi ake kawo ta, manomi ya samu, mai mota ya samu. Ya ce kar mu ɗora wa China laifin duka, rashin wuta da tsadar baƙin mai da tsofaffin injina sun riga sun kwantar da su, sannan a farkon 2005 aka cire ƙa'idar da ta taƙaita yawan tufafin da ƙasa za ta iya fitarwa a kasuwar duniya, kaya suka yi ta kwararowa ta Kwatano da Lome su bi ta Nijar su shigo ta Maraɗi, ko lokacin da gwamnati ta ce ta hana. Wani abin da ban sani ba sai ranar, ashe ita kanta UNTL ɗin mutanen Hong Kong ne suka kafa ta, wato tun da can akwai hannun 'yan China a atamfarmu, bambancin kawai a da sun kawo injin nan sun ɗauki iyayenmu aiki, yanzu injin na can mu sai dila ke iso mana. Bai ɓoye ba kuma cewa ruwan rinin da masaƙun ke saki ta unguwar Makera yake bi ya faɗa kogin Kaduna, wata rana ja wata rana shuɗi.

Ko Holland ɗin da muke ji da ita a lefe, Vlisco, ai daga rinin mutanen Indonesiya suka kwaikwayo, gezna kuma daga Ostiriya take zuwa. Amma wanda ya fi min ciwo shi ne a wannan shagon na ga yadi an buga masa zanen rini irin na Ƙofar Mata da inji, har da ɗigo-ɗigon ƙulli, alhali marinan nan da ake cewa tun 1498 suke, suna can da baba da toka da kanwa suna tsoma zani da hannu, ramuka da yawa sun bushe babu mai aiki a cikinsu. Wannan kam ban saya ba kuma ba zan saya ba.

Duk da haka ba zan ce kar a sayi 'yar China ba, ni ma ita nake ɗaurawa. Tun da aka saki naira a 2023 dala ta haura naira 1,500 a 2024, kuɗin Holland ɗaya sai ya yi wa mace da 'ya'yanta kayan sallah, kuma arahar nan ce ta sa marainiya ma take samun akwati cike. Ita ce kuma ta sa anko ya zama dole, biki ɗaya kala uku, a sa sau ɗaya a jefa a sif, mu kala ɗaya muka yi kuma ya wadatar.

In za ku je ku tafi da ashana, ku ce a zare muku zare a ƙona a gabanku, ku duba bayan zanin, ku auna yadin a shagon don ɗaya cikin namu bai cika shida ba sai da muka koma aka canza mana. Na tambayi mai shagon ko yana da ta gida 'yar Najeriya ya ce ba ya ajiyewa don ba a nema, amma na bar masa sallahu in ya samu ya ajiye min turmi biyu, ɗaya na Umma, Baba ya ce shi zai biya.