Shagon da ya nemo mana kaziyen 'yan sa-kai a Garwa, da maganar wanda zai biya

Shagon ƙarami ne, a layin masu fotokwafi da buga takardu kusa da kotu a nan Garwa: kwamfuta ɗaya, injin fotokwafi, benci, sai fanka idan akwai wuta. Matashi ne mai shi, ƙaninsa ke yi masa zirga-zirga a babur. Abin da ya kai mu wurinsu neman kaziye ne, takardar kotu mai lamba 3 da ke nuna ko an taɓa ɗaure mutum. Ni ce ma'ajin APEE, ƙungiyar iyaye da malamai ta firamaren unguwarmu, kuma bana kwamiti ya yanke cewa duk mai aikin sa-kai cikin yara sai ya kawo ta: masu taya koyarwa, dattijuwar da ke lura da 'yan ƙaramin aji lokacin hutu, da saurayin da ke koya musu ƙwallo.

Wahalar kaziye a Kamaru ita ce kotun yankin da aka haifi mutum ce ke bayarwa, wanda aka haifa a ƙasar waje kuma sai ma'aikatar shari'a a Yawunde. Mu kuwa mutanenmu, wannan haifaffen Gidar, wannan Mokolo, waccan Yagwa. A ce kowa ya hau mota ya je garinsu saboda takarda ɗaya, ai an kore shi ke nan. Nan shagon ya yi rana. Mutum zai zo da katin ɗan ƙasa da takardar haihuwa, a buga masa takardar neman, ya sa hannu da kansa. Su sa a ambulan, su ba motar haya, wakilinsu na can ya karɓa ya kai wa magatakardan kotu, ya manna tambur, wato kan sarkin haraji, ya jira, ya maido. Kafin ambulan ta iso, hoton takardar ya riga ya shigo WhatsApp.

Abin da ya fi burge ni natsuwar yaron. Yana riƙe da takardun wata malama sai ya tsaya, ya jera su biyu a kan tebur ya sa yatsa. "Hajiya, dubi nan. Sunan mahaifinta Ousmanou a takardar haihuwa, a kati kuma Ousman. In na aika haka ban faɗa wa na can ba, za su iya maido mana, kuɗin mota ya tafi a banza." Ya ɗaga waya ya yi magana da wakilinsa kafin ya karɓi ko sisi. Rasidinsa ma a rarrabe yake: tambur daban, kuɗin kotu daban, na mota daban, ladansa jaka biyu a kan kowace takarda. Duk wanda ya taɓa riƙe kuɗin jama'a ya san darajar irin wannan rasidi ranar babban taro.

Sai dai akwai gyara. Ba ya aikawa sai ya tara ambulan da yawa na gari ɗaya, kuma bai gaya mana haka da farko ba. Ta Mokolo ta daɗe har aka buɗe makaranta, ko sau ɗaya bai kira ya ce ga dalili ba, sai mun bi. Na biyu ya fi damuna: kwafin katunan mutane a baje suke a kan tebur, kowa ya shigo yana gani. Na yi masa magana, ya ce in sha Allahu zai sayi akwati mai makulli.

To, wa zai biya? Tun 2023 tambur ya tashi daga sefa 1,000 zuwa 1,500, ga sauran kuɗin da na lissafa. Tunda mai suna ne kaɗai ke iya neman takardarsa, sai kwamiti ya ɗauka cewa aljihunsa ne ma zai yi kuka. Da na kai wa dattijuwar nan labari, ta ajiye tsintsiya ta dube ni: "'Yata, ranata nake ba ku kyauta saboda Allah. Yanzu kuma ni zan sayi takardar da za ta ce ban yi sata ba?" Na ce, "Goggo, ki yi haƙuri, ba zarginki ake ba." Amma gaskiya tana wurinta. Ƙosai take soyawa da safe. Kuɗin nan ribar kwanaki ce a gare ta.

Alhaji shugabanmu, da ke ganin kada asusu ya biya, yana da hujja, kuma ban raina ta ba. An ce firamaren gwamnati kyauta ce tun shekarar 2000, amma asusun iyaye ne ke biyan malaman da gwamnati ba ta ɗauka ba, shi ke gyara benci, shi ke sayen alli idan ya ƙare. Ya ce kuma mutum zai iya neman aiki da takardar a wani wuri. Na amsa masa cewa wata uku kawai take aiki, kafin ya kai ta ko'ina ta mutu. 'Ya'yanmu take karewa, mu muka nemi a kawo ta, don haka nauyinmu ce. In aka ɗora wa ɗan sa-kai, talaka mai amana zai janye a hankali ba tare da ya ce uffan ba, a bar mu da mai kuɗin biya kawai, alhali iya biya ba ya nuna hali. Da gwamnati za ta yafe tambur ga masu yi wa makarantunta aiki kyauta, da ta kyauta, amma ba za mu zauna jiranta ba. An kaɗa ƙuri'a, asusu ya biya, an rubuta shi cikin kasafin shekara tare da alli.

Kada kuma wani kwamiti ya karɓi kaziye ya kwanta barci. Hukuncin kotu kawai take nunawa. Wanda ya yi ɓarna aka rufe maganar a zaure ko gaban jauro mai unguwa, takardarsa za ta fito fes. Shi ya sa muka haɗa da tambayar maƙwabta da liman, muka kuma hana kowa keɓewa da yaro a aji.

Shagon dai zan sake komawa, kuma ina ba sauran ƙungiyoyin iyaye shawarar su gwada irinsa. Ku kai takardunku tun watan Agusta kafin cunkoson buɗe makarantu, ku tambayi ranar da za a aika ta kowane gari, ku sa a rubuta muku ita a bayan rasidi.