Kwana cikin motar lantarki a Death Valley: wace mota ce ta dace, da wane kaya?

Gandun Death Valley da ke tsakanin jihohin Kalifoniya da Nebada a Amurka shi ne inda aka auna zafin digiri 56.7 a ranar 10 ga Yulin 1913, a wani wuri da ake kira Furnace Creek. Saboda haka masu zuwa kwana a can sukan jira daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da rana ke da sauƙi, amma da dare a Disamba sanyi kan sauka zuwa kusan digiri 4. Wanda zai sayi motar lantarki ko ya yi haya domin irin wannan tafiya, kada nisan da kamfani ya rubuta a talla ya ɗauke masa hankali. Abin dubawa shi ne wutar da mota za ta sha tana tsaye cikin dare, inda za a mayar mata da ita, da abin da za a yi idan taya ta fashe.

A fara da lissafin dare. Motar lantarki na iya barin na'urar sanyi ko ta ɗumi a kunne har gari ya waye, ba hayaƙi, ba ƙarar inji, kuma a nan ta fi motar fetur nesa ba kusa ba. Idan na'urar na jan kilowat 1, awa 8 na barci za su ci kilowat-awa 8, wato kusan kashi 10 cikin ɗari na batir mai kilowat-awa 77. Dare biyu, kashi 20 ya tafi ba a motsa ko'ina ba. A daren sanyi, motar da ke ɗumama ciki da famfon zafi (heat pump, na'ura mai jawo zafi daga iskar waje) ta fi wadda ke ɗumamawa da waya irin ta hita tsimin wuta, don haka a tambayi dila wanne ke cikin motar.

Tesla Model Y ita ce mafi sauƙin sha'ani. Tana da tsarin Camp Mode mai riƙe yanayin ciki yadda aka saita, amma ba ya kunnuwa sai batir na da aƙalla kashi 20. Idan aka kwantar da kujerun baya, mutum biyu na iya miƙewa. Giɓinta biyu ne: yawancin waɗanda ke kan titi ba su da soket irin na gida, kuma ba ta zuwa da safaya. Hyundai Ioniq 5 ta cike giɓin farko. Tana ba da wuta waje ta adafta, kimanin kilowat 1.9 a ƙirar Amurka mai bolt 120, har zuwa 3.6 a ƙasashen da ke amfani da bolt 230, kuma ana iya saita mata iyakar da za ta daina bayarwa don kada girki ya cinye wutar komawa gida. Sai dai shimfiɗar bayanta gajera ce, dogon mutum sai ya tura kujerar gaba ya cike ramin da jaka. Ita ma safaya babu.

Manyan motoci kuwa, Rivian R1S na iya daidaita kanta ta tsaya sak ko da filin ya karkace, abin da duk wanda ya taɓa kwana kansa na gangare zai yaba, kuma tsayinta daga ƙasa ya dace da hanyar duwatsu. Ford F-150 Lightning na ba da wuta har kilowat 9.6, babban batirinta kilowat-awa 131 ne, ga cikakkiyar safaya a ƙarƙashi. Amma a tuna, babban batir kamar babbar randa ne, cika ta ma aiki ne. Mota mai nauyi na shan wuta da yawa a kowace kilomita, kuma a sansanin da wutarsa ba ta da ƙarfi sai a kwana a wuni ba ta cika ba. Wanda ba zai bar kwalta ba, bai da dalilin biyan kuɗinsu.

Batun caji ne ke raba tafiya mai daɗi da ta wahala. Cajar gaggawa tana garuruwan gefe, irin su Beatty ta gabas da Lone Pine ta yamma. Daga Beatty zuwa Furnace Creek kusan kilomita 65 ne, daga Lone Pine kuwa kusan 170. A cikin gandun, abin da za a dogara da shi caja ce mai jinkiri da kuma soket ɗin sansani. Sansanin Furnace Creek na da gurabe 18 kacal masu wuta, kuma a lokacin sanyi tun da wuri ake kame su. A kama gurbi tukuna, a kuma tabbatar an yarda a caja mota a wurin, domin ba kowane sansani ke yarda ba.

Soket ɗin iri biyu ne, kuma a nan mutane ke yin asarar kuɗi. Mai amp 50, wanda ake kira NEMA 14-50, bolt 240 ne. Cajar hannu mai jan amp 32 za ta samu kusan kilowat 7.7 daga gare shi, wato awa 10 sun isa cika matsakaicin batir. Mai amp 30, TT-30, bolt 120 ne kawai, kuma ƙa'ida ita ce kada a ja fiye da kashi 80 na ƙarfin soket na tsawon lokaci, wato amp 24, abin da bai kai kilowat 3 ba. Adaftar da masu motocin da ake zama a ciki kamar gida ke saya don haɗa waɗannan biyun ba ta aiki da cajar mota, saboda yadda aka haɗa wayoyinta caja ba ta ganin wuta sam. A nemi wadda aka ƙera musamman don motar lantarki, a kuma rage amp ɗin da hannu a allon mota idan adaftar ba ta yi da kanta ba, in ba haka ba bireka ta yi ta faɗuwa ko filogi ya narke. A duba bakin cajin motar ma, NACS ne ko CCS, a riƙe adaftar ɗayan.

Akwai tarkon da taswira ba ta nunawa. Shiga kwarin gangara ce, har Badwater da ke mita 86 ƙasa da teku, mota na ta mayar da wuta cikin batir, direba na murna. Fita kuwa hawa ne. Daga Stovepipe Wells zuwa Towne Pass a kan hanya mai lamba 190 za a hau mita 1,500 cikin abin da bai kai kilomita 30 ba. Ɗaga mota mai kilo 2,200 zuwa wannan tsayi kaɗai na cin kusan kilowat-awa 9, ban da na tafiyar kanta.

Wurin kwanciya kuma, cikin mota ya fi. Tantin saman rufi na da kyan gani a hoto, amma yana tare iska ya rage nisan tafiya tun daga gida, kuma abin ɗora kaya na rufin Model Y kilo 75 kawai yake ɗauka. Jan tirela na iya raba nisan gida biyu. Tantin ƙasa shi ne mai arha, sai dai ƙasar sansanonin tsakuwa ce mai tauri, siraran turakun da ke zuwa cikin jakar tanti lanƙwashewa suke yi, ga iskar kwarin da kan taso ba sallama. A sayi turakun ƙarfe masu kauri da guduma. Mai kwana a mota ya nemi katifa mai kaurin santimita 8 zuwa 10 da marufan gilashi, musamman idan rufin motar na gilas ne.

Ƙaramin firji mai bolt 12 ba ya wuce wat 60, bai isa damuwa ba. Murhun lantarki mai wat 1,800 kuwa zai kashe soket mai wat 1,500 nan take, sai a rage masa wuta ko a riƙe ƙaramar tukunyar gas. Faifan sola mai wat 200 zai tara kusan kilowat-awa 1 a wuni, tafiyar kilomita 5 ko 6 ke nan, ya dai yi wa waya da fitila.

Hukumar gandun na ba da shawarar aƙalla lita 4 na ruwan sha ga kowane mutum a rana, ban da na girki da alwala. Sabis ɗin waya babu shi a yawancin wurare, a sauke taswira tun daga gari. Hanyar Racetrack Playa, wani busasshen tafki a cikin gandun, ta yi suna wajen yanka taya da duwatsunta masu kaifi, kuma ruwan liƙe da ke zuwa da mota ba ya gyara tayar da ta tsage a gefe. Duk wanda zai bi ta, ya tanadi cikakkiyar safaya, famfon iska, kayan faci, da jak mai iya ɗaga fiye da tan 2, ya kuma san daidai inda ake kafa shi don kada ya huda kwanon batir.